Kundin aikin MGB ɗin Alhaji da injinta marar fistin

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Bara na ɗora wa motar nan inji ban rubuta komai ba, yau ga shi ina neman awon da na yi da hannuna na rasa inda zan samo shi. Shi ya sa wannan karon na ɗauki biro tun kafin in ɗauki sifana.

Motar MGB ce, ƙirar Ingila ta 1973, mai kujera biyu da rufin tamfol. Marigayi Alhaji, mahaifina, ya saye ta a hannun wani Bature ma'aikacin masaƙa a Kakuri lokacin da zai koma ƙasarsu. Sitiyarinta a hagu yake, don ta shigo ne bayan Najeriya ta sauya hannun tuƙi a Afrilun 1972. Injinta na asali mai fistin huɗu ne, cc 1,798, ƙarfinsa wajen doki 95. Ya tsage tun Alhaji na da rai, motar ta yi shekaru a gindin darbejiya a gidanmu na Unguwar Rimi, ganye na taruwa a kan tamfol ɗinta. Da na tashi raya ta, sai na sa aka kawo mini injin Mazda 13B daga Legas, wanda aka ciro daga RX-7 ta 1987, haɗe da giyarsa mai biyar. Irin injin nan ne da Bajamushe Felix Wankel ya ƙirƙiro, ba fistin, ba bawul. Mazda ta fara sayar da shi a 1967 a cikin Cosmo Sport, kuma motarta 787B mai irin wannan inji ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991. Nawa cc 1,308 ne kacal a takarda, amma da doki 146 ya fito daga masana'anta, ga shi gajere, ya zauna can baya a ɗakin inji har da ragowar fili a gaba.

Wata uku na more shi. Wata Juma'a cikin Disamba ina dawowa daga Kawo, a kan titin Ali Akilu, na ji wani ƙas, motar ta hau kyarma, ƙarfi ya ragu da rabi. Da ƙyar ta kai ni gida. Tun daga ranar, in ta yi zafi ba ta tashi.

Yau muka auna matsi ni da Baba, bakaniken da ya riƙa duba wa Alhaji motoci tun yana ma'aikaci a kamfanin harhaɗa Peugeot na Kakuri. Ba mu da na'urar da aka yi musamman domin wannan inji, sai muka cire ɗan bawul ɗin da ke riƙe iska a geji na gama-gari, yadda allurar za ta riƙa tsalle tana komawa. Injin rota biyu gare shi, ta gaba da ta baya, wato ƙarfe mai kusurwa uku da ke juyawa a madadin fistin. Kowace rota fuska uku gare ta, saboda haka lafiyayya tsalle uku take bayarwa masu kai ɗaya. Ta gaba ta ba da ukunta daidai. Ta baya kuwa ɗaya mai ƙarfi, sauran biyun allurar ko motsin kirki ba ta yi. Sili, wato ɗan siririn ƙarfen da ke kan tsinin rota yana hana iska zuba, shi ne katanga tsakanin fuska biyu, in ya karye su biyun suke zubar da iska tare.

Baba ya daɗe yana kallon gejin, sannan ya ce, "Ɗan Alhaji, shekara arba'in da kunne nake jin ciwon inji. Wannan kam sai ka fassara mini." Na ce, "Baba, tare za mu koya." Babu makawa sai an sauke shi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Mun sauke inji da giya tare, da sarƙar ɗagawa da muka rataya a ƙarfen rumfa. Mu uku ne, da ni da Baba da ɗan yayata da ke karatun injiniya. Saukewar ba ta ba mu wahala ba. Abin da ya cinye mana yini shi ne notin fulawil: milimita 54 ne faɗinsa, kuma da ƙarfin kilogiram-mita 40 zuwa 50 ake ɗaure shi. Babu mai soket ɗinsa a cikin masu gyaran ƙananan motoci da na zaga, sai wajen masu gyaran tirela na samu. Mai walda a tsohuwar Panteka ya yi mana sandar da ke kulle fulawil, muka ƙara wa hannun soket bututu mai tsawon mutum, sannan ya saki. Soket da sanda, naira 18,000.

Asabar, 25 ga Janairu

Mun buɗe shi. Wanda bai taɓa ganin cikinsa ba, ya ɗauka faifai biyar ne aka jera aka soke da dogayen kusoshi: farantin ƙarfe a gaba, gidan rota na alminiyam, farantin tsakiya, gida na biyu, farantin baya. Ramin kowane gida siffar ɓawon gyaɗa mai 'ya'ya biyu gare shi. A ciki rota take yawo, ita kuma kusurwa uku ce mai kumburarrun gefe. Duk zagaye ɗaya da ta yi, sandar tsakiya ta yi uku. Yayin da fuska ɗaya ke shan iska da fetur, ta biyu na matsawa ko ƙonawa, ta uku na fitar da hayaƙi, ba mai jiran wata. Abubuwan da ke juyawa a cikinsa uku ne kawai, rota biyu da sanda. Baba ya ɗaga rota ɗaya yana jujjuya ta a hannu, ya ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ɗan Adam basira.

Ɓarnar tana inda geji ya nuna. Silin tsini ɗaya na rotar baya ya karye, guntunsa ya karce farin rufin cikin gidan, ya bar tsagi mai tsawon ɗan yatsa da farce ke maƙalewa a ciki, kafin ya fice ta ƙofar hayaƙi. Wannan gida ya tashi daga aiki. Rotar kanta ta tsira da ɗan tabo a fuska, ramin silin bai buɗe ba.

Na fi damuwa da sanin dalili, kuma na same shi, guda biyu, dukansu daga gare ni. Injin nan dole ne ya ƙona ɗan baƙin mai, domin silin tsini ba su da wata hanyar samun maiƙo. Akwai ɗan famfo a gaba da ke ɗiga man, kuma a injin wannan shekara sanda ce ke haɗa shi da totur, in ka taka ya ƙara. Bara da na cire tsarin fesa mai na asali na sa kafireto Weber 48 IDA, na haɗa sandar da waya, wayar ta saki ban lura ba. Ke nan famfon yana kan mafi ƙarancinsa komai gudun da nake yi. Na biyu kuma ƙura. Matatar iskar da na sa ta soso ce siririya, saboda kafireton dogo ne, ba wuri a ƙarƙashin bonet. Na shafa yatsa a cikin bututun shan iska, ya fito da jar ƙasa mai laushi kamar hoda. Hunturun Kaduna ya shiga injin kai tsaye, ya tarar da sili a bushe.

Kowane sili da sifirin ɗinsa mun ajiye su a kiret ɗin ƙwai, an rubuta lambar rota da kusurwa a jikin kowane rami.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Yinin awo. Sabon silin tsini tsayinsa milimita 8 ne, littafin Mazda ya ce kada ya gaza 6.5. Na gaba sun sauko 6.9, na baya da suka rage 6.6. Duka za su tafi. Farantan ƙarfe uku na bi su da agogon awo, zaizayar da silin gefe ya yi musu ba ta kai milimita 0.10 da aka iyakance ba, alhamdu lillahi, don su ne masu nauyin da kawo su zai yi tsada. A injinan RX-7 na 1986 zuwa sama, a jikin waɗannan farantai ramin robar ruwa yake, kuma tsatsa kan cinye bangon ramin in an daɗe ana zuba ruwan rijiya zalla. Na bi kowane rami da tsinken ƙarfe da tocila, bangon na nan lafiya. Gidan gaba ma zai koma.

Na yi odar kaya daga Amurka: cikakken saitin sili da sifirin da robobi, naira 1,650,000, gidan rota na hannu mai kyau, 720,000, kuɗin kawowa, 310,000. Na daɗe riƙe da waya kafin in tura. Uwargida ta ce, "Motar Alhaji ce, in ba ka yi ba yanzu, za ka yi daga baya da tsada." Na tura.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wanki. Kananzir, burushin tagulla, da guntun tsohon sili na kankare baƙin da ya daskare a ramukan rota. Naira 22,000. Yatsuna duk sun tsage.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Kaya ba su iso ba. Na kai bonet da kafireto Panteka, aka auna, za a ƙera mini akwatin iska gajere na alminiyam da bututu zuwa gaba, inda matatar takarda babba za ta zauna a filin nan da injin ya bari. Mai ƙirar ya ce a huda bonet kawai a huta. Na ce bonet ɗin Alhaji ba za a taɓa shi ba. Da matatar, naira 60,000.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Sun iso. Gidan rotar ya fi yadda ya fito a hoto kyau. Na ƙirga komai sau biyu.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata, aikin ya koma na dare, bayan tarawihi. Silin gefe dogaye suke zuwa, kai za ka goge kowanne ya dace da raminsa. Guda shida ne a kowace rota, uku ta kowane ɓangare, goma sha biyu ke nan gaba ɗaya, kuma tazarar da ake so tsakanin bakinsa da ɗan silin kusurwa milimita 0.05 zuwa 0.15 ce. Ka goga sau uku a dutse, ka share, ka sa, ka gwada da fila geji, ka cire. In ka zarce, ya lalace, ba a mayar da ƙarfe. Dare huɗu na yi a kansu, biyu daga ciki da fitilar caji saboda an ɗauke wuta. Na tsaya a 0.07 zuwa 0.09 a dukansu. Wannan aiki ya yi mini daɗi fiye da yadda na zata. Unguwa ta yi tsit, ba abin da kake ji sai karatun tahajjudi daga nesa da ƙarar dutse.

Famfon ɗiga mai na yanke shawarar toshe shi gaba ɗaya. Zan riƙa haɗa man a cikin fetur, kamar yadda kowa ke yi wa ƙaramin janareta, mililita 8 a kowace lita, amma da mai na kirki marar barin toka, ba na kwalba da ake sayarwa a bakin titi ba. Abin da na zuba da hannuna na san ya shiga.

Asabar, 22 ga Maris

Mun haɗa inji. Da rana muka yi, tsakanin azahar da la'asar, saboda lokacin ne Baba ke da sarari. Zafi ya yi tsanani, rumfar kwano ce. Da man basilin muka riƙe sili da robobin ruwa a ramukansu, muna jera faifan ɗaya bisa ɗaya. Dogayen kusoshi an ɗaure su bi da bi kamar yadda littafi ya tsara, zuwa kilogiram-mita 3.5. Wasan sandar tsakiya gaba da baya ya ba da 0.06, cikin 0.04 zuwa 0.07 da ake so. Na juya shi da hannu, ya yi numfashi shida masu ƙarfi.

Ɗan yayata ya ce, "Kawu, ba za mu hura wa hanyar ruwa iska mu gani ba kafin mu ɗora?" Na ce farantan da ake toshe hanyoyin ruwan da su domin wannan gwaji ba a yi su ba tukuna, kuma ina so in kai Hajiya gaisuwar Salla a cikin motar. Muka wuce wurin.

Juma'a, 28 ga Maris

Ya tashi jiya da daddare, bugu na uku. Sautin nan nasa mai kama da yagar sabon yadi ya cika gida, yara suka fito da gudu. Hayaƙi fari ya turnuƙe, ban damu ba, basilin da man haɗi dole su ƙone. Minti goma, minti goma sha biyar, hayaƙin bai ragu ba, kuma warinsa ya sauya, ya koma wani zaƙi-zaƙi. Baba ya sa tafin hannu a bakin salansa, ya duba, ya nuna mini. Danshi ne. Na kashe, muka jira ya huce, na buɗe murfin lagireto na sake tayarwa. Ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya ba tsayawa, kamar lemon kwalba da aka buɗe.

Ban yi barcin kirki ba. Bayan sallar asuba na cire fulogin ƙasa na rotar baya, na ce wa yaron ya buga. Ruwa ya feso ta ramin ya jiƙa mini riga, kore, ruwan lagireto.

Na zauna a kan taya na fi rabin awa. Wata biyu da rabi, da kuɗin da ban taɓa kashewa a kan wani ƙarfe ba. Yaron nan ya faɗa mini, farantan toshewa aikin awa biyu ne a Panteka, na ƙi saboda ina son ranar Salla. Na kira shi na ce, "Kai ne da gaskiya ranar nan." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, Allah ya sa iyakarta ke nan." Baba bai ce mini komai a kan gaggawa ba, ya dai ce a zuba mai ta ramukan fulogi a jujjuya yanzu-yanzu, kada ruwan ya kwana a kan sili su yi tsatsa. Muka tsiyaye lagireto, muka yi hakan.

Jibi Salla in an ga wata. Da motar uwargida za mu je.

Asabar, 5 ga Afrilu

Mun sake saukewa, mun sake buɗewa. Wannan karon awa huɗu kawai, hannu ya saba. Robar ruwa ta ciki, tsakanin farantin tsakiya da gidan baya, ta zame daga raminta wajen tsawon inci ɗaya, gidan ya danne ta ya yanke. A kusa da fulogi ne, inda wuta ta fi ƙarfi. Dalilin a bayyane yake: a zafin ranar nan basilin ya narke ya zama ruwa, bai riƙe komai ba, ni kuma da na sauke gidan ban leƙa ƙarƙashi ba. Masu rubuta a yi amfani da basilin a ƙasashen sanyi suke, ba a rumfar kwano a Kaduna cikin Maris ba.

Sili duka lafiya, ba tsatsa, dabarar Baba ta cece su. Robobin ruwa kuwa ba a mayar da wanda ya taɓa zafi. Sabon saiti da kawowa, da man liƙa Hylomar wanda ba ya narkewa, naira 245,000.

Asabar, 12 ga Afrilu

Jira. An yi farantan toshewa, ɗaya da bawul ɗin tayar mota a jiki. Naira 15,000.

Asabar, 26 ga Afrilu

Robobi sun iso ranar Alhamis. Yau muka haɗa, daga idar da sallar asuba zuwa ƙarfe tara, kafin kwano ya ɗau zafi. Kowane gida sai da yaron ya kwanta ƙasa da tocila yana kallon robar ta kowane gefe, ni ina saukewa a hankali, Baba na riƙe da sanda. Bayan ɗauri muka toshe hanyoyin ruwa, muka hura iska da famfon keke zuwa psi 15. Na rubuta lokacin a jikin bango da alli.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Awa ashirin da huɗu, allura tana kan 15. An ɗora.

Alhamis, 1 ga Mayu

Hutun ma'aikata. Ya tashi, hayaƙi ya washe cikin minti takwas, bakin lagireto shiru. Na bar shi yana aiki minti arba'in ina zagaye shi. Fulogi sababbi ne na NGK, BUR7EQ a ƙasa, BUR9EQ a sama, huɗun naira 96,000. Biyu ne a kowace rota saboda ɗakin ƙonewar dogo ne siriri, na ƙasa ya fara kunnawa, na sama ya biyo baya ya ƙarasa. Suna ɓangaren hagu, daf da sandar sitiyari, sai an lanƙwasa hannu, amma na gode da hakan, don salansa tana dama, nesa da ƙafar direba.

Wani abu da ya faranta mini: agogon juyin inji na asalin motar yana karantawa daidai ba tare da an taɓa shi ba. Rota biyu suna kunna wuta sau biyu a kowane juyin sanda, daidai da inji mai fistin huɗu. Allurar da Alhaji ya riƙa kallo ita nake kallo.

Asabar, 10 ga Mayu

Kilomita 240 zuwa yau, ban wuce juyi 4,000 a minti ba, ina hawa ina sauka da shi a kan titin Nnamdi Azikiwe da sassafe. Ruwa yana tsayawa a digiri 86 zuwa 88. Baƙin mai ne matsala. Ranar Laraba cunkoso ya riƙe ni a kusa da babbar kasuwa da rana, gejin zafin mai ya haura digiri 115, sai da na gangara gefe na jira. A injin fistin mutum zai iya kau da kai, a wannan a'a, domin man ne ke ratsa cikin rota yana sanyaya ta, ruwa ba ya kaiwa can. Na'urar sanyaya man na nan, ta asalin RX-7 ce, amma bara na ɓoye ta a bayan ƙarfen gaba don kada ta ɓata fuskar motar, iska ba ta samunta. Mun sauko da ita ƙasan bamba, aka yi mata mazurarin alminiyam da ke tattaro iska, da raga saboda tsakuwa, da sababbin tiyo masu jure matsi. Naira 85,000. Yau a irin wannan cunkoso ta tsaya a 98.

Salansa ma ta nuna halinta. Hayaƙin wannan inji ya fi na fistin zafi nesa ba kusa ba. Bututun bara siriri ne, da daddare har ja yake yi, ya tsage a wajen walda, audugar cikin tukunyar ta ƙone ƙurmus, ƙara ta dawo kamar babu salansa. Maƙwabcinmu, dattijo ne mai haƙuri, ya aiko a tambaya cikin ladabi ko za a daɗe ana wannan aiki. Na je da kaina na ba shi haƙuri. An yi sabuwa da bututu mai kaurin milimita 3, tukunya biyu cike da zaren ƙarfe marar tsatsa, da faranti tsakaninta da daɓen motar. Naira 190,000.

Lahadi, 18 ga Mayu

Yaron ya tayar da ita ya matsar don a wanke, ya kashe nan take tana da sanyi. Ta sha mai ta ƙi tashi. Halinsu ne, fetur ya wanke maiƙon sili, matsi ya gudu. Mun cire fulogi, mun kashe famfon fetur, mun buga har hazo ya daina fita, muka ɗiga mai kaɗan a ramukan ƙasa. Ta tashi. Na sa wa famfon makunni a ƙarƙashin dashbod. Dokar gida yanzu: in an tayar, sai ta yi zafi ake kashewa.

Asabar, 24 ga Mayu

An wuce kilomita 900, na canza mai, na fara saiti na gaske. Na'urar auna iska da fetur da na saya, naira 340,000, da jet-jet na 75,000, wato ƙananan bakunan da fetur ke bi a cikin kafireto, yau suka yi amfani. Lambar na'urar in ta hau fetur ya yi ƙaranci a cikin iskar, in ta sauko ya ƙaru. Baba ya so mu yi da kunne da launin fulogi yadda ya saba. Na ce mu haɗa, shi ya saurara, ni in karanta, mu ga inda za mu saɓa. Abin mamaki, a tsaye bai kuskure ba ko kaɗan: inda ya ce "nan ne, ɗan Alhaji, kada ka ƙara", na'ura na nuna 13.2, kuma nan injin ya fi kwanciya. Wannan inji ba ya son a tsuke masa mai a tsaye, in ka matsa zuwa 14.7 sai ya hau tari.

A kan hanya ne kunne ya gaza. Mun kama hanyar Zariya bayan an ɗauke ruwan safe, iska mai sanyi, yaron na riƙe da littafi yana rubuta lambobi. Daga juyi 2,000 zuwa 2,800, in na taka a hankali, lambar na tsalle zuwa 16, motar ta yi jim kafin ta ɗauka. Wannan sanannen hali ne na 48 IDA, don tsere aka yi shi, tsakanin ƙaramin jet da babba akwai rami. Na ɗaga ƙaramin daga 65 zuwa 70, ramin ya ragu sosai amma bai rufe ba. A cikakken totur kuma lambar ta kai 14 a juyi 6,000, alhali kunne na jin komai daidai, har daɗi sautin yake. Wannan ne mai kashe sili. Babban jet daga 180 zuwa 190, ta sauko 12.9. Fetur na shiga kafireto a psi 3. Wutar fulogin ƙasa na tsayar da ita a digiri 24 na juyin sanda kafin matsi ya kai ƙololuwa in juyi ya hau, ba zan ƙara ba, domin fetur ɗin da muke samu ba kullum yake zuwa iri ɗaya ba, kuma ƙwanƙwasa ɗaya, wato fetur ya fashe a cikin inji ba bisa ƙa'ida ba, ta isa ta mayar da ni watan Janairu.

Sau ɗaya na bar ta ta kai 7,000 a giya ta uku. Ba girgiza, ba gunji, allurar kawai ke tafiya. Baba ya riƙe ƙofa ya ce, "Allahu akbar, da Alhaji ya ga wannan."

Asabar, 31 ga Mayu

Awon matsi da zafinta: tsalle uku masu kai ɗaya a kowace rota, wajen kilo 7.8 a kan kowace murabba'in santimita, can sama da 6.0 da littafi ya sa a matsayin iyaka, duk da cewa tudun Kaduna, mai kusan mita 600, yana ɗan rage lambar. Tana tashi da zafi bugu ɗaya. Fetur kuwa tana sha, kilomita 6 da rabi a lita. Jimillar kuɗi tun Janairu, har da mai da ruwan lagireto na 110,000, naira 3,936,000, ban da fetur da hakkin Baba.

Jiya na kai Hajiya gidan ƙanwarta a Malali. Ta shafa dashbod ɗin ta yi shiru har muka isa.

Abin da ya rage: birki na asali ne, an yi shi ne don doki 95, dole a sake masa tiyo da takalma kafin in ƙara taka ta haka. Ramin nan na juyi 2,500 yana nan, ana huda wa kafireton ƙaramar ƙofa ta uku don rufe shi, amma sai na samu mai hannu a tsaye da injin huda na tebur. Tamfol na yoyo ta kusurwar dama, ga damina ta kankama, Litinin zan kai wa mai ɗinkin kujeru ya gani. Matatar iska kuma zan buɗe ta duk ƙarshen wata in rubuta abin da na tarar.